Zauren Lafiya: Wane abin kare kunne zan ce ƙanena ya aiko mini?

Tambaya ta farko, daga wani mafarauci a Garin Malam, Damagaram:

Assalamu alaikum Malam. Ni farauta na gada, kuma ina da takardar bindiga da ta farauta. Bindigata kalibar 12 ce mai baki ɗaya, abokin tafiyata kuma karabin gare shi. Ƙanena yana Amurka, can ma jinin gida bai bar shi ba, duk shekara in sanyi ya shigo sai ya bi abokan aikinsa farautar barewar can mai ƙaho mai rassa. Ya ce shi yanzu ba ya taɓa kunama sai ya kare kunnensa, ya ce in zaɓa ya aiko mini ɗaya cikin uku: ɗan soso da ake cusawa a kunne, ko kaske mai rufe kunne gaba ɗaya, ko kaske mai aiki da pil. Damuwata ita ce mafarauci da kunne yake farauta. In na toshe, ta yaya zan ji motsin gada a ciyawa, ko abokina in ya yi mini fito? Sannan harbi ɗaya ko biyu a yini shi ne zai kurmantar da mutum? Kakanmu ya tsufa yana harba bindigar toka, bai taɓa sa komai a kunne ba.

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya yi wa ƙanen nan naka albarka, ya san abin da ake aika wa ɗan'uwa. Ka ce masa ya aiko kaske mai pil, wanda kofunansa sirara ne, ya haɗa da kwali guda na matoshin soso. Kaske marar pil kuwa, in kuɗi ya ragu a sayo shi ma, akwai wanda nake so ya sa shi, zan zo kansa. Bari in faɗi dalilaina dalla-dalla, don na san mafarauci in bai gamsu da abu ba, a ƙusa zai rataye shi ya fita abinsa.

Mu fara da harbi ɗaya ko biyu da ka raina. Ƙarfin ƙara da desibel ake auna shi. Hirar mutum biyu a zaure wajen 60 ce. Wanda ke wuni a wurin aiki mai ƙarar 85, ƙa'idar lafiyar ma'aikata ta ce kada ya wuce awa 8 a ciki ba kariya. Lissafin kuma ninkawa yake yi: ƙarin 3 ninki biyu ne, ƙarin 10 ninki goma. Ga ƙarar da ke zuwa farat ɗaya, irin ta bindiga, iyakar da aka sa wa babba 140 ce, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa wa yara 120. To ƴar ƙaramar bindiga mai harsashi .22, wadda ake raina wa, ita kanta a bakin 140 take. Kalibar 12 irin taka tana tsakanin 155 da 160. Karabin ɗin farautar manyan dabbobi, irin .308 ko .30-06 da mafarautan Amurka ke yawan riƙewa, takan kai 160 har ta haura. Daga 140 zuwa 160 ninki ɗari ne. Da ƙara irin wannan ba a maganar awa nawa ko minti nawa, harbi guda ya isa ya bar tabon da ba ya gogewa.

Mutane da yawa sun ɗauka dodon kunne ne ke lalacewa. Yakan fashe in ƙarar ta yi kusa sosai, amma shi fata ne, yana warkewa. Ɓarnar da ke damuna tana can ciki, bayan dodon kunne da ƴan ƙasusuwan nan uku, a wani ɗan ƙashi mai murɗe-murɗe cike da ruwa. A cikinsa akwai ƙwayoyi masu gashi-gashi wajen 15,000 a kowane kunne, su ke karɓar motsin sauti su miƙa wa jijiya. Ka san yadda iskar farkon damina ke yi wa tsiron gero a jigawa, ta kwaso rairayi ta zane shi: wani ya kwanta ya tashi bayan kwana biyu, wani ya ƙone ke nan. Haka ƙarar bindiga ke yi musu. Dummm ɗin nan da kake ji bayan harbi, da ƙugin da ke ɗaukewa kafin gari ya waye, na waɗanda suka kwanta suka tashi ne. Sai dai manomi yana komawa ya sake shuka a gurbin da ya mutu, a kunnen ɗan Adam kuwa wadda ta mutu ba ta da magaji.

Na yi shekaru ina gwajin ji a sashen kunne kafin in ajiye aiki, kuma takardar gwajin mai harbi ba ta ɓoyuwa. Layin yakan tafi sumul a sautuka masu kauri, in an zo siraran sautuka wajen hertz 4000 (hertz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti) sai ya faɗa rami, ya ɗan ɗago a gaba. Kuma ramin ya fi zurfi a kunnen hagu in mutum da dama yake harbi. Dalili, in ka kafa gindin bindiga a kafaɗar dama ka kwantar da kunci, kunnen dama ya ɓuya a bayan kai da kafaɗa, na hagu ne ke fuskantar bakin bindiga. Ina tuna wani dattijo daga wajen Gure da ƴaƴansa suka kawo. Na sa masa abin sauraro na ce duk lokacin da ya ji ƙara ya ɗaga hannu. A dama yana ɗagawa yana murmushi. Da na koma hagu na sa siririn sauti, na yi ta ƙara ƙarfi, shi kuwa ya ɗora hannuwa a gwiwa yana kallona, yana jira in fara. Ni da ke zaune a gefe ina jiyo sautin yana fitowa ta gefen abin sauraron. Ban tambaye shi sana'arsa ba sai da na ce masa da dama yake harbi, ya ce wa ya gaya mini.

Game da kakanku, Allah ya jiƙansa da rahama, ka tambayi iyayenka mata yadda ake magana da shi a shekarunsa na ƙarshe, da wane gefe ake zama in ana so ya ji. Irin wannan rashin ji a hankali yake shigowa, kuma da yake yana tarar da mutum da furfura, sai a ɗora wa tsufa laifin duka.

Yanzu ga maganar da ta fi kowace nauyi a wasiƙarka, cewa mafarauci da kunne yake farauta. Gaskiyarka ce, kuma ita ce hujjata a kanka. Waɗanne sautuka kake saurare a daji? Ƙaras-ƙaras na busasshiyar ciyawa, karyewar ɗan tsinke, tsiwar ƙananan tsuntsaye in sun ga abu, fiton abokinka daga nesa. Dukansu sirara ne, su ne daidai wurin da ramin nan yake buɗewa. Rugugin mota da ganga da tsawa za ka ci gaba da jinsu har tsufa, shi ya sa mutum ke rantsuwa kunnensa ƙalau. Abin da ke fara tafiya shi ne kukan gyare da dare, da muryar ƙananan yara, da rarrabe magana a cikin taron biki. Mafarauci da ya ƙi kare kunne don ya ji daji, kowane harbi yana rage masa jin dajin ne. Can Amurka ma akwai mafarauta da yawa da ke sa kariya a wurin koyon harbi su cire ta a daji saboda wannan dalili naka, kuma takardun gwajinsu irin na dattijon Gure ne.

Kaske mai pil don wannan matsala aka yi shi. Kofunan suna toshe ƙara kamar kowane kaske, amma a wajen kowane kofi akwai ƴar makirfo, a ciki kuma ƴar lasifika. Ƙaramin sauti na'urar ke ɗauka ta shigar maka da shi, in ka murɗa ma ta ƙara masa ƙarfi ka ji fiye da yadda kunnenka tsirara zai ji. Amma ba ta barin abin da take shigarwa ya wuce wajen desibel 82 zuwa 85, saboda haka in bindiga ta tashi ba ta miƙa maka ƙarar, kofunan ne ke tare ta. Abin da nake so ka riƙe: ko pil ya mutu kana tsakiyar daji, kariyar tana nan, jin ƙananan sautukan ne kawai zai ɗauke. Sunayen da ƙanenka zai gani a shagunan can sun haɗa da Howard Leight Impact Sport, da Walker's Razor, da na 3M Peltor. Ba talla nake yi wa kowa ba. Abin dubawa uku ne: makirfo ya zama biyu, ɗaya kowane gefe, don ka gane daga ina sauti ya fito, kofuna sirara don kada gindin bindiga ya ture su, pil kuma ya zama ƙanana AAA da ake samu a kowane teburi a Kasuwar Dole, kada a kawo maka mai caji ka rasa wuta a ƙauye.

Yana da nasa aibu. Iskar hunturu tana shiga makirfo ta yi ta huuu, sai ka rage murya. Sannan hagu da dama yana rarrabewa da kyau, gaba da baya ne yake ruɗa mutum da farko. Kada ka fara sa shi ranar farauta. Ka zauna a tsakar gida da yamma, ka sa shi, ka rufe ido, ka sa yaro ya zagaya ka yana murza busasshen ganye, kana nuna inda yake da yatsa. Kwanaki kaɗan kunne ya saba.

Babban aibunsa a wurinmu zafi ne. Ƙanenka cikin watan Nuwamba yake farauta, yawanci yana zaune wuri ɗaya a kan wani ɗan dandali da suke ɗaurawa a bishiya, sanyi na cizo, kaske har ɗumama masa kunne yake yi. Kai kuwa tafiya kake yi a ƙasa, in bazara ta kama zafi ya haura 40, gumi zai cika kofunan kafin hantsi. Abin da zai faru na sani: za ka saukar da shi wuya, gada ta zabura, ka harba, kaske yana wuya. Don haka ka roƙi ƙanenka abu na huɗu da bai lissafa ba. Akwai matoshi na roba mai ɗan siririn rami da matata a ciki, ba pil ba komai, wanda tun asali don sojoji aka ƙera irinsa. Magana da ƙananan sautuka suna wucewa ta ramin, an ɗan rage su, ƙarar farat ɗaya kuma matatar na danne ta. Bai kai soso kariya ba, kuma ba ya ƙara maka ji kamar kaske, amma mutum na iya wuni da shi a kunne cikin rana. Ga harbi ɗaya ko biyu a fili, lokacin zafi, shi zan sa. Kaske na bar wa sanyin asuba da watannin ɗari.

Matoshin soso shi ne mafi araha, kuma shi ya fi duka toshewa in an sa shi daidai. Wannan "in" ɗin ce matsalar. Yawancin waɗanda na gani da shi a kunne, rabinsa na waje yana leƙe, wannan kuwa ado ne. Ga yadda ake yi. Da hannu mai tsabta ka murza shi tsakanin yatsu har ya zama siriri ba lanƙwasa. Ka zagayo da ɗaya hannun ta bayan kai ka ja saman kunnen sama da baya, hanyar kunne ta miƙe. Ka zura shi da sauri kafin ya kumbura, ka dafe da yatsa kana ƙirga har talatin, za ka ji duniya tana yin nisa a hankali yayin da yake cika wurin. In wani ya tsaya gabanka ya dube ka, bai kamata ya hango shi sosai ba. Gwaji na biyu, ka kife tafukan hannu a kunnuwa ka ɗauke. In ƙarar waje ta canza sosai, bai zauna ba, cire ka sake. In ya yi datti ko ya daina kumbura, a jefar, ba a wanke shi. A farmasi in ka ce bushon na kunne za a gane, sai dai wani lokaci na kakin zuma za a miƙo maka. Wannan don barci ya fi dacewa, zafi kuma yana sa shi laushi, ka ce na soso kake so. Auduga kuwa, da tsumma, da abin sauraron waya, kada ka yaudari kanka da su. Auduga ƙura take tarewa.

Lambobin jikin kwali kada su ruɗa ka. Lambar da ke nuna yawan desibel ɗin da abin ke ragewa, a kayan Amurka NRR ake ce mata, a na Turai SNR, kuma abu ɗaya yakan samu lamba mafi girma kaɗan a ma'aunin Turai, saboda haka ba a gwada su kai da kai. Soso mai kyau yana kai NRR 29 zuwa 33. Siraran kaske masu pil wajen 22 ko 23 suke. Waɗannan lambobi a ɗakin gwaji aka samo su, da ƙwararru suna sa wa mutane a tsanake. A wuraren aiki a Amurka akan cire 7 a raba saura biyu don a kusanci abin da ma'aikaci ke samu a zahiri, ka ga 33 ta koma 13. Wannan lissafi na ƙarar injin da ba ta yankewa ne, amma darasinsa ya shafe ka: yadda ka sa shi ya fi lambar muhimmanci. In a nan za ka saya, ka duba alamar CE da rubutun EN 352 a jiki, shaidar cika ƙa'idar Turai ke nan. Wanda ba shi da ko ɗaya, ko lamba, bar wa mai shi kayansa.

Kaske kuma ba ya aiki sai katifar bakinsa ta manne da fata ta ko'ina. Rawani, gefen hula, ƙafar tabarau mai kauri, duk suna buɗe kafa. Kaske a kan fata, rawani a kan kaske. Ka gwada kafa bindiga ba harsashi kana sanye da shi, ka ga ko kofin dama yana ɗagawa in ka kwantar da kunci. Kada ka bar shi a kan moto cikin rana, katifar za ta bushe ta tsage. Ka ce a haɗo maka da katifar canji. In za ka ajiye shi ya daɗe, cire pil.

Akwai lokacin da nake so ka haɗa biyu, soso a ciki kaske a sama, ka murɗa muryar kaske don ka ji magana. Kada ka ɗauka 30 da 22 za su ba ka 52. Wajen 5 kawai ake ƙarawa a kan mafi girman, domin daga nan ta ƙashin kai ƙara ke ratsawa. Amma 5 ɗin nan ta fi ninki uku na raguwa. Lokacin shi ne ranar gwajin bindiga da gyaran saiti, inda ake harbi a jere kuma ba dabbar da ake saurare, ba wani uzuri. Haka in abokinka zai harba karabin kana kusa, balle in bakinta gajere ne ko an ɗaura mata ƙarfen nan mai huda-huda da ke rage dukan kafaɗa, wanda ke watso ƙarar gefe da baya. Haka kuma tsakanin manyan duwatsun nan namu na Damagaram, ko jikin bango, inda ƙarar ke dukan dutse ta dawo maka.

Saura wanda na ce a saya wa kaske marar pil. Yaron da ke bin ka da jaka da gora. Kai kana bayan bindiga, ka san lokacin da za ta tashi. Shi yana gefe, sau da yawa ɗan gaba kaɗan don ɗokin ya ga abin da za a harba, inda ƙarar ta fi ta wurinka, kuma iyakar kunnensa ta fi taka ƙasa. Soso yana wuyar zama a ƙaramin kunne, kaske ya fi masa. Ka koya masa tsayawa a bayanka sosai. In ba a samu kaske ba, ya danne ƴar fatar nan ta bakin kunne da yatsu da ƙarfi in ka ɗaga bindiga. Wannan ya fi auduga nesa ba kusa ba. Ba na jin daɗin ganin ɗan shekara goma sha da ramin tsoho a takardarsa, kuma na gani.

Kalma ɗaya a kan barewa, tunda ka ambace ta. Wadda ƙanenka ke bi, mai farin wutsiya, ana ƙiyasta ta da wajen miliyan 30 a Amurka, kuma duk da haka sai da lasisi da lokaci da adadi. Tamu ta ƙare a wurare da yawa da iyayenmu suka san ta. Dokar 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 ita ke tsara farauta a Nijar, kuma tun 2012 aka keɓe Termit da Tin Tumma don sauran barewar da ake kira dama, da adaks, wata dabbar hamada mai murɗaɗɗen ƙaho, waɗanda ke cikin dabbobin da suka fi ƙaranci a duniya. Na ji daɗi da ka ce takardunka cikakku ne. Kafin ka fita kowace shekara, ka leƙa wurin ma'aikatan gandun daji su gaya maka abin da aka buɗe da abin da aka hana.

Tambaya ta biyu, daga wata ɗaliba a Miriya:

Malam, kwana huɗu ke nan Babanmu ya dawo daga daji, wani ya harba bindiga daf da kunnensa bai sani ba. Tun ranar kunnen yana ƙugi, ba ya ji da shi sosai, kuma mun ga ɗan jini a matashi. Kakarmu tana ɗiga masa man shanu mai ɗumi. Ya ce zai wuce da kansa. Me za mu yi?

Amsa:

Ƴata, Allah ya ba Baba lafiya. An riga an aika miki amsa ranar da saƙonki ya iso, don wannan ba ya jiran fitowar mujalla. Ina maimaitawa ne saboda sauran masu karatu.

A daina ɗiga man shanu yau. Ki gaya wa Kaka cikin ladabi, niyyarta alheri ce, amma jinin nan yana nuna wataƙila dodon kunne ya huje, kuma duk abin da aka zuba yana zarcewa ciki inda bai kamata ya je ba. Ba mai, ba ruwan albasa, ba tsinke, ba maganin ɗigawa na ƴan tebur, domin wasu magungunan ɗigawa suna da sinadarin da ke cutar da kunnen ciki in akwai huda. Ruwa ma kada ya shiga. Wurin wanka a shafa wa ƴar auduga bazalin a ɗora a bakin kunnen, nan ne auduga ke da amfani. A alwala shafa ce ta waje, ya yi a hankali. Kada ya fyace majina da ƙarfi.

Sannan ku hau mota ku zo Damagaram, babban asibiti, ku nemi likitan kunne da hanci da maƙogwaro, wanda ake ce wa ORL. Miriya ba nisa, kada a ce sai ranar kasuwa. Hujin dodon kunne yawanci yana rufewa da kansa cikin makonni zuwa wata biyu ko uku in an bar shi a bushe. Gaggawar saboda kunnen ciki ce: akwai maganin rage kumburi da likita kan bayar in ji ya faɗi farat ɗaya, kuma amfaninsa a kwanakin farko yake, bayan mako biyu ya ragu ƙwarai. Likita ne zai duba ko ya dace da Baba, musamman in yana da ciwon suga ko hawan jini, kada a saya a kasuwa. In jiri ya kama shi, ko amai, ko ruwa ya fara fita, ko baki ya karkace, ko dare ne a tafi.

Ku gaya wa likita duk maganin da yake sha. Kinin na zazzaɓi shi ma yana sa ƙugin kunne, allurar jentamisin kuma tana iya taɓa ji. Har ya warke ba bindiga, ba zama kusa da injin niƙa ko gurup. Ƙugin yakan ragu, wani kuma yakan zauna. In ya hana shi barci, rediyo a ƙasa-ƙasa ko ƙarar fanka tana taimakawa. In za ki yi masa magana ki zo ta gefen kunne mai lafiya, ki fuskance shi ya ga bakinki, ki yi a hankali. Ihu ba ya ƙara masa fahimta, ɓata masa rai kawai yake yi.

Tambaya ta uku, daga wani matashi a Birni:

Malam, ina cikin ƴan bindigar da ke harbi a hawan Sallah. Mu albarushi kawai muke ɗurawa, ba harsashi. Manyanmu sun ce in ka buɗe baki lokacin harbi ba abin da zai samu kunne. Ni kuwa kwana biyu nake yi kunnena na kuka bayan kowane hawa. Ina jin kunyar sa kaske da kayan gargajiya a gaban Sarki.

Amsa:

Samari, kukan kwana biyun nan shi ne amsar tambayarka, kunnen ya riga ya faɗa maka. Rashin harsashi bai rage komai da za ka dogara da shi ba, don mafi yawan ƙarar daga iskar albarushi take in ta fashe ta fito baki, ku kuma da gangan kuke cika ɗuri don ta yi amo. Ga shi a jere kuke harbi, bakin bindigar na kusa da kai yana gefen kunnenka, kuna yi kuna maimaitawa daga filin Idi har ƙofar fada, tsakanin bangaye. A lissafina kun fi mafarauci shan ƙara a yini guda. Buɗe baki kuwa ba ya kare ƙwayoyin nan na can ciki ko kaɗan.

Ban ce ka bar abin nan ba. Bindiga a Damagaram tsohuwa ce, tun zamanin Sarki Tanimu da ya rasu a 1884, wanda ya gina ganuwar Birni aka kuma ƙera igwa a garin nan a mulkinsa. Hawa ba ƴan bindiga ai bai cika ba. Kaske ma ban ce ka sa ba. Soso ya ishe ka, kuma ya fi kaske toshewa. Ka nemi mai launin ƙasa marar igiya. In ya shiga yadda na bayyana a amsar farko, hula ko rawani ya sauko a kai, ko wanda ke kafaɗa da kai ba zai gani ba. Tambari da kakaki za ka ji su, an rage ne kawai. Umarnin shugabanku kuwa ku yi yarjejeniya ya haɗa da alamar hannu.

Ka samu shugaban naku a gida, ba cikin taro ba, ka gaishe shi, ka nuna masa sosonka, ka roƙi a sayi kwali guda na kowa da kowa daga kuɗin ƙungiya kafin Sallah mai zuwa. Ka kuma roƙe shi a riƙa matsar da yara baya kafin a tashi harbi, musamman jarirai da ke goye. Kai kuma ka sa naka tun a gida bayan ka wanke hannu, domin da ka fara ɗuri yatsunka sun yi baƙi da albarushi, ba ka so ka murza wannan ka cusa a kunne. Ka riƙe wasu biyu a ƴar leda cikin aljihu, ko ɗaya zai faɗi a hanya.